Kwarangwal a kan igiya

Asabar da dare.

Ruwa aka wuni ana yi, ban fita ko'ina ba sai masallaci. Bayan isha'i ni da ƙanwata muka kunna kwamfuta muka kalli House on Haunted Hill, fim ɗin Amurka na 1959, baƙi da fari. Labarin gajere ne: wani attajiri, wanda Vincent Price ya fito a matsayinsa, ya gayyaci mutum biyar su kwana a wani gida da ake cewa fatalwowi na yawo a ciki, duk wanda ya kai safiya a ba shi dala 10,000. Da tsakar dare aka kulle ƙofofi. Muryar Price kaɗai ta isa ta sa tsigar jikin mutum ta tashi, a hankali yake magana cikin ladabi, amma ka san akwai mugunta a ƙasa.

Da aka zo wurin da kwarangwal ya taso daga ramin asid ya nufi matar attajirin, sai ƙanwata ta ce, "Yaya, wannan ai ana ganin na roba ne." Gaskiyarta. Amma a 1959 abin bai tsaya kan allon majigi ba. Mai shirya fim ɗin, William Castle, ya sa an ɗaura igiya a gidajen sinima, daidai wannan wurin sai a saki kwarangwal ya bi igiyar ya ratsa ta saman kawunan 'yan kallo. Ya raɗa wa dabarar suna Emergo. Da labari ya bazu, yara suka riƙa zuwa da danƙo suna harbinsa.

Wannan mutumi ya burge ni ƙwarai. A lokacinsa talabijin ta shiga gidaje, mutane sun rage zuwa sinima, shi kuma ba shi da kuɗin manyan kamfanoni. Sai ya riƙa ba su abin da ba za su samu a falonsu ba. A fim ɗinsa Macabre na 1958, kowane mai tikiti an yi masa inshorar dala 1,000 ta Lloyd's na Landan, idan tsoro ya kashe shi yana cikin kallo. A The Tingler ya sa an maƙala ƙananan injina a ƙarƙashin wasu kujeru, suna girgiza mutum ba zato, shi ya ƙwalla ihu, na kusa da shi ya kama. A 13 Ghosts na 1960 kuwa 'yan kallo aka raba wa kwali mai taga biyu, ja da shuɗiya: mai ƙarfin hali ya leƙa ta ja ya ga fatalwowin, matsoraci ya leƙa ta shuɗiyar su ɓace masa.

Wasu na ganin wannan duk yaudara ce ta ɗan kasuwa. Ni ban yarda ba. Castle ya gane cewa tsoro ya fi daɗi a cikin jama'a, kamar tatsuniyar dodo da dare, inda kowa ke matsowa kusa da ɗan'uwansa, in an firgita kuma a fashe da dariya tare. Abin da yake sayarwa ke nan, kuma wanda ya biya kuɗinsa ya samu. Mu da muka kalla mu biyu a ɗaki, rabin abin kawai muka gani, kuma hakan ya ɗan sosa min rai.

Ƙanwata ta ce gobe mu nemo The Haunting na 1963, tunda na gaya mata a cikinsa ba a nuna fatalwa ko sau ɗaya, sai bugun ƙofa da ƙarar bango. Na ce mata to, da sharaɗin za mu kira yaran maƙwabta mu cika ɗakin, a kashe fitila.