Lambun buhu da ƙwarin da ke cikinsa

Gidanmu a Zariya siminti ne tun daga zaure har bayan ɗaki, don haka da na yi niyyar shuka kayan miya sai na tara buhunan shinkafa. Na huhhuda gindinsu, na cika su da ƙasa da yashi da takin awaki wanda ya riga ya ruɓe, na jera su jikin katanga. Alayyafo, kuɓewa, yakuwa, attarugu, tumatir, sai kabewa guda da na bari ta hau rumfa. Tun farko na yanke cewa ba zan fesa guba ba. Yara nan suke wasa, kaji nan suke tono, alayyafo kuwa yau a tsinka yau ya shiga tukunya. Magungunan kasuwa suna da kwanakin da ake jira bayan feshi kafin a ci, mai tsinkar ganye kullum kuwa ba shi da wannan sararin. Ban kuma manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos a jikinsa, wanda shi ne dai a cikin fiya-fiya.

Darɓa ce ta fara yi mini sallama. Daga sama ba ka ganin komai sai ganyen attarugu ya fara nannaɗewa yana ƙyalli, in ka taɓa ka ji danƙo. Sai ka juya bayan ganyen ka gan su jingim, ƙanana, suna tsotsar ruwan shukar. Danƙon nan kashinsu ne, mai zaƙi, shi ne kuma daga baya yake yin baƙi kamar kunkunniya. Wani dattijo mai lambu a bakin rafi, wanda nake sayen dashe a wurinsa, ya ce mini: “Ɗana, in ka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin kara, kada ka tsaya kallon kiyashin, duba inda ya nufa.” Haka abin yake. Zaƙin nan kiyashi yake sha, shi ya sa yake gadin darɓa, yana korar duk ƙwaron da ya zo cin ta. Yanzu shi nake bi da ido da safe, yakan kai ni ga ɓarna tun ba ta yi nisa ba.

Masu cin darɓar ma suna nan, in an bar su. Akwai ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko rawaya mai sheƙi da ɗigo-ɗigon baƙi. Shi kowa ya san shi, amma ɗansa ne ba a sani ba: dogo ne siriri, baƙi-baƙi da ɗigon ruwan goro, ba shi da fiffike, wanda bai sani ba sai ya ɗauka mugu ne ya murƙushe shi, alhali darɓa yake ci wuni guda. Sai dai a kula, yana da ɗan'uwa mai kama da shi, launinsa a dushe ba sheƙi, wanda ganyen kabewa da kankana yake kankarewa har ya bar jijiyoyi kawai. Wannan kam hannu nake sa masa.

Zanzaro ne ya fi ba ni mamaki. Wata rana maiɗakina tana shara ta fasa gidansa na laka a jikin taga, sai ga korayen tsutsotsi a cushe a ciki, ba su mutu ba, ba sa kuma iya motsin kirki. Ƙwai yake fara yi a ɗakin, sannan ya harbo su ya sumar da su, ya cunkusa su ciki ya toshe, in ɗansa ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci. Irin tsutsar da ke cin alayyafona ce sak. Daga ranar muka yi yarjejeniya: na cikin ɗaki ta fasa, na jikin katangar baya a bar mini. Ƙadangaru, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi da wani kwaɗo da ya tare ƙarƙashin randa duk suna nasu aikin, ko da yake ƙadangare ba ya jin kunyar gutsurar ɗanyen dashe in rani ya tsananta.

Inda suka kasa, darbejiya nake kira, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina. Asalinta daga Indiya ne, amma yau da wuya ka bi titi a Arewa ba ka ga inuwarta ba. An fi sanin ganyenta, amma ƙarfin yana cikin ƙwallon. In 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya, jemagu da tsuntsaye kan shanye naman su yar da ƙwallon a gindin bishiya, yara su tsinto mini. Sai in wanke, in shanya a inuwa har ya bushe sarai, in zubar da duk wanda ya yi fumfuna. Rabin kilo nake dakawa a wani tsohon turmi da ba a girki da shi, don ɗacin ba ya fita, in jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Washegari in tace da tsumma har sau biyu saboda kada ya toshe bakin abin feshi, in narka ɗan sabulun salo a ciki don ruwan ya kama ganye. Da la'asar sakaliya nake fesawa, in fi mayar da hankali ga bayan ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa da wuri, kuma a lokacin ƙudan zuman da ke ziyartar furen kabewa ya riga ya tafi.

Masu cewa darbejiya ba ta aiki, galibi gawa suke son gani. Ba ta kashewa nan take. Sinadarin da ke cikinta, azadirachtin, hana ƙwaro cin abinci yake yi, ya kuma hana tsutsa yin saɓa, ta kasa girma har ta mutu. Washegari za ka tarar da su a kan ganye ka ce aikin banza ka yi, amma duba sabon tofon da ya fito bayan kwana uku ko huɗu, za ka gan shi lafiya lau. Duk mako nake maimaitawa muddin ƙwarin na nan, in an yi ruwan sama kuma in sake. Ba a ajiye jiƙon, ranar da aka tace ranar ake fesawa.

Toka tana rage ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa, in an barbaɗa da sassafe kan raɓa, amma kaɗan-kaɗan, don ƙasar buhu ba ta da yawa, toka kuma kan canza ta. Ruwan barkono da tafarnuwa da ake ta yabo ni ban ga abin kirki a ciki ba, ya fi sa ni atishawa a kan ya kori wani abu. Fara kuwa da sanyin safiya ba ta iya tashi, sai in kama in watsa wa kaji.

Tumatir ne ya nuna mini iyakar duk wannan. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ita ce ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Cikin naman ganye take shiga ta yi rami, ka ga wani farin tabo mai haske, in ka ɗaga ganyen ga rana ka hango ta a ciki da baƙin kashinta. Feshi ba ya kai mata sosai a nan. Tsinke ganyen nake yi in ƙona, ba na jefawa cikin taki. Haka in farin ƙuda ya kawo cutar da ke sa tumatir ya tsumbure, ganyensa ya murɗe ya yi rawaya, babu jiƙon da ke warkar da shi, tuge shi ake yi kafin ya shafa wa na kusa. Sharon ta fi ƙarfi in zafi ya shigo, saboda haka yanzu nakan dasa tumatir da ƙarshen damina ya yi 'ya'ya cikin hunturu, kafin bazara ta kama na cire shi, na zuba yakuwa da kuɓewa a buhunan.