Giyar injin da na sayo wa Kawu ta ƙi zama

Kawuna yana da ƙaramin gidan biredi a bayan layinmu, kuma duk wanda ya taɓa shiga irin wurin nan ya san injin murza kwaɓin nan mai rola biyu, wanda ake ta cusa masa kwaɓi yana fitowa a shimfiɗe har ya yi laushi. Toh ranar wata Laraba da asuba inji ya fara wani irin ƙara, kwas kwas kwas, kafin a kashe shi har ya tsaya da kansa. Da aka buɗe murfin gefe sai ga haƙora biyu na ƙaramar giyar a ƙasa cikin baƙin giris, sun karye tun daga gindi. Kawu ya kalle ni ya ce "kai da ka yi boko, ɗauki wannan ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka samo mana irinta, yau ko gobe, kwaɓi ba ya jira."

Na ce "to Kawu, an gama." A raina abu mai sauƙi ne, na ƙirga haƙora har da gurbin biyun da suka karye, 20 cif. Na je na yi ta yawo cikin rana har na samu wata mai haƙora 20, ramin shaf ɗin ma, wato sandar ƙarfen da giyar ke hawa, ya yi daidai, sai dai ta ɗan fi tsohuwar girma kaɗan, ɗan abin da ido da ƙyar yake gani. Na biya na dawo ina murna. Wallahi da muka zo sawa sai ta ƙi zama, muka matsa, muka daddage, ta shiga da ƙyar amma ko da hannu ka juya sai ka ji tana cizo tana saki, tana cizo tana saki. Kawu bai ce komai ba, shirun nan nasa ne ya fi damuna.

Washegari na kwashi giyoyin duka uku, tsohuwar da sabuwar da babbar da suke haɗuwa da ita, na kai wa wani dattijo mai injin yankan ƙarfe. Abin da na koya a shagonsa cikin awa biyu shi ne dalilin wannan rubutun, don na tabbata ba ni kaɗai ne na ɗauka ƙirga haƙori ya wadatar ba.

Irin wannan giyar ita ce mafi sauƙi a duk dangin giya, faifai ne kawai da haƙora miƙaƙƙu a bakinsa, haƙoran sun bi layi ɗaya da shaf ɗin, kuma shaf biyun suna kwance ne kafaɗa da kafaɗa. In ɗaya ta juya dama ɗayar hagu za ta yi. Tamu ƙaramar 20, babbar 60, kenan sai ƙaramar ta zaga sau 3 kafin babbar ta zaga sau 1. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku amma ƙarfin murɗawa ya ninka kusan sau uku, shi ya sa rola ke iya danne kwaɓi mai tauri ba ta tsaya ba. Wannan kowa zai iya ganewa.

Inda na faɗi shi ne girman haƙorin. Baba, wato dattijon nan, ya ɗauko ma'auninsa na ƙarfe mai baki biyu ya auna faɗin tsohuwar daga kan haƙori zuwa kan haƙorin ɗaya ɓangaren, milimita 66. Ya ce "ɗana, ƙara 2 a kan yawan haƙoran ka raba." 66 a raba da 22, ya ba da 3. Ya ce wannan shi ne modul ɗinta, wato lambar da ke nuna girman haƙori. Ya auna babbar, 186, a raba da 62, nan ma 3. Sai ya auna wadda na sayo, ta kusa 70, da muka raba da 22 sai ga 3.18, lambar da ba ta zauna ba. Ya ɗaga ta sama ya ce wannan ai ba da milimita aka yanka ta ba, ta inci ce, irin ta injinan Amurka da tsofaffin injinan Ingila. Su can suna ƙirga haƙora nawa ne ke hawa kan kowane inci ɗaya na faɗin giya, wannan mai 8 ce, in ka raba 25.4 da 8 za ka samu 3.175. Tsakanin 3 da 3.175 kamar ba komai ba ne ko? Amma shi ne ya ci min kuɗi da yini guda.

Modul ɗin nan shi ne uwar lissafin gabaɗaya. Akwai wata da'ira da ido ba ya gani, tana ratsa wajen tsakiyar tsayin haƙoran, a kanta ne giyoyin biyu suke mirginawa kamar taya biyu da suka jingina da juna. Faɗin wannan da'irar shi ne modul sau yawan haƙora, tamu ƙaramar 60, babbar 180. Haɗa su ka raba biyu ka samu 120, wato tazarar da ya kamata ta kasance tsakanin tsakiyar shaf da tsakiyar shaf. Da na koma gida na auna a jikin injin, 120 ɗin ce kuwa, har sai da tsigar jikina ta tashi. Haƙori yana hawa sama da da'irar nan da modul ɗaya, yana nutsewa ƙasa da ita da modul ɗaya da kwata, kenan zurfin haƙorin namu 6.75. Wancan kwatan na ƙasa sarari ne aka bari don kada kan haƙori ya riƙa dukan gindin ɗan uwansa, nan ne ma mai yake samun wurin zama.

Amma abin da ya fi burge ni siffar haƙorin ce. Ni da na ɗauka kawai an ɗan gyara gefen ne ya yi kyau. Ashe lanƙwasar nan tana da suna, inbolut, kuma kana iya zana ta a gida. Samu gwangwanin madara ka naɗa masa zare, ka ɗaura fensir a bakin zaren, ka ɗora gwangwanin a kan takarda ka danne, sai ka riƙa warware zaren a hankali yana a miƙe kar ya saki. Layin da fensir ɗin ya zana shi ne gefen haƙorin giya. Na gwada da daddare a kan bayan kalanda, na ɗora tsohuwar giyar kusa da shi ina ta kallo. Amfanin wannan siffar shi ne tun daga lokacin da haƙora biyu suka taɓa juna har su rabu, turin yana bin layi ɗaya ne, gudun babbar giyar ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma ko da tazarar shaf ta ɗan goce kaɗan lissafin 3 da 1 ɗin nan ba ya canzawa. Masanin lissafin nan ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, shi ya yi aiki a kanta tun ƙarni na 18. Kafin nan mutane sun daɗe suna yin giya, wata na'urar tagulla da aka tsamo daga teku kusa da tsibirin Antikythera na Girka a 1901, wadda ta haura shekara 2000, haƙoranta masu kusurwa uku ne kawai, ta yi aiki don da hannu ake juya ta a hankali, amma sa irin wannan haƙorin a injin da ke jan kwaɓi ka ga yadda zai yi ta fizga.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an cike karyayyen haƙori da walda an goge da fayil an mayar. Na san halin da ake ciki, wani lokacin babu yadda za a yi, aiki na jira kuɗi babu. Amma hannu ba zai fitar da wannan lanƙwasar daidai ba, kuma haƙori ɗaya da bai yi daidai ba shi zai bi ya cinye lafiyayyun da ke ɗaya giyar, ƙarshe a sayi biyu maimakon ɗaya.

Layin turin nan ma yana da kusurwarsa, yawancin giyoyin yanzu digiri 20 ne, tsofaffin injina kuma za ka tarar da 14.5, kuma ko modul ɗinsu ɗaya ba sa zama lafiya da juna. A digiri 20 in haƙora suka gaza 17 wuƙar yanka tana fara shiga gindin haƙorin ta rage masa kauri, sai dai in mai zanen ya yi wata dabara ta musamman. Gindin kuwa nan ne rayuwar haƙori take, don haƙori kamar katako ne da aka kafa a bango ana danna bakinsa, a gindi zai karye, kamar dai yadda namu biyun suka yi. Wani injiniyan Amurka, Wilfred Lewis, da wannan tunanin ya fitar da lissafin ƙarfin haƙori a 1892, har yau da shi ake fara koya wa ɗalibai.

Na tambayi Baba me ya sa ƙaramar ce ta mutu babbar tana nan garau. Ya ce to ai ita ke zagawa sau uku, kowane haƙorinta yana shan aiki ninki uku, don haka ake yin ta da ƙarfen da ya fi tauri. Ya kuma nuna min wani abu, 20 da 60 suna rabuwa da juna ba saura, kenan kowane haƙorin ƙaramar da haƙora 3 kacal na babbar yake haɗuwa har abada, in akwai tabo nan zai yi ta ci. Da 61 ce da sai ya zaga dukkansu, cin ya rabu daidai.

Aibinta ɗaya da kowa ya sani shi ne ƙara, don haƙorin yana haɗuwa ne gaba ɗaya faɗinsa lokaci guda. Kukan nan da mota mai giyar hannu take yi in an sa ribas, wiiii, yawanci irin wannan giyar ce, giyoyin gaba kuwa haƙoransu a karkace suke suna shiga a hankali shi ya sa ba ka jin su, sai dai su kuma suna tura shaf gefe dole a sa boris ɗin da zai riƙe.

A gabana ya yanka mana sabuwa. Wuƙaƙen modul 3 guda 8 ne a akwatinsa, kowace da adadin haƙoran da take yi, ya zaro ta 17 zuwa 20. Abin raba haƙoran kuma sai an juya hannunsa sau 40 giya ke zagawa sau ɗaya, toh 40 a raba da 20, juyi biyu kenan, ya yanka, juyi biyu, ya yanka, bakinsa na motsi yana ƙirgawa, ban yarda na yi masa magana ba har ya gama. Da zai ba ni ya ce in mun ɗaura kar mu matse su ƙam, a bar 'yar rata yadda in ka riƙe babbar ka girgiza ƙaramar za ka ji ɗan motsi kaɗan, saboda ƙarfe na buɗewa in ya yi zafi, mai ma yana son hanya.

Bayan la'asar muka ɗaura, muka cika giris, Kawu ya ce bismillah ya tayar da inji. Ya tsaya ya kasa kunne ya kai minti biyu sannan ya ce wa yara su kawo kwaɓi. Ni kuma na samo ragowar fenti na rubuta a cikin murfin: modul 3, haƙora 20 da 60, tazara 120. Wadda na sayo a kasuwa tana nan a kan teburina, da ita nake danne takardu.