Garayar Turawa mai jeri biyu da hunturun Sakkwato

Kafin in tura kuɗin garayar Turawan nan mai jeri biyu, haf ɗin da ake ɗaura wa tsirkiyoyi layi biyu dama da hagu, sai da na rubuta wa mai shagon na gaya masa inda za ta zauna. Na ce masa Sakkwato ce, bakin Sahel, inda laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a hunturu, zafin Afrilu kuma ya haura digiri 40. Na tambaye shi ko allon ƙirjinta zai jure. Ya ce katakon ya bushe sarai, tsantsar itacen sifrus (spruce) ne wanda babu kamarsa wajen sauti, kuma garayunsa suna zaune lafiya a ko'ina cikin duniya. Saƙon yana nan a wayata, kuma har yau in na buɗe shi sai raina ya ɓaci.

Ba don ado na neme ta ba. Tun ina kaɗa ƙaramar mai jeri ɗaya a ɗan situdiyonmu da ke Mabera abu guda ke damuna. Kiɗanmu na waƙa da amshi ne, a jefa a karɓa, sau da yawa a murya guda. A jeri ɗaya kuwa hannun hagu yana ƙasa, na dama yana sama, da zarar ka so su haɗu a tsakiya sai yatsu su yi ta rigima kan tsirkiya ɗaya, wannan ya kaɗa wancan ya kashe. Mai jeri biyu ta raba wannan gardama. Saiti ɗaya ake yi wa jerin dama da na hagu, kowane hannu da cikakken jerinsa. Dama ta jefa, hagu ta amsa mata a daidai wannan murya, sautin farko bai mutu ba na biyu ya hau kansa. Wanda ya san kora ta Mali da Senegal da Gambiya kada ya ɗauka abu ɗaya ne: kora tana da tsirkiya 21, 11 a hagu 10 a dama, amma raba muryoyin aka yi tsakanin hannuwan biyu, ba maimaita su aka yi ba.

Mai neman saye ya yi hattara da hotunan talla, domin ana cakuɗa ta da wata wadda jerinta biyu suke gicciye da juna, ɗaya na muryoyin fararen maɓallan fiyano, ɗaya na baƙaƙen, irin wadda kamfanin Pleyel ya ƙera a Faransa a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma tsohuwar arpa doppia ta Italiya ta ƙarni na 16 da na 17, ita ma tsarinta daban ne. Wadda nake magana a kai 'yar zamani ce, a Amurka ta samu gindin zama wajajen farkon shekarun 1990 ta hannun makaɗa mata biyu, Laurie Riley da Liz Cifani. Ka nemi hotonta ta gaba. In jerin biyu sun ratsa juna a tsakiya, ba ita ba ce.

Maƙeran da suka yi suna a kanta sanannu ne: Stoney End a Minnesota, Rees a Indiana, Dusty Strings a Seattle. Bayan tashin dala na 2023 kuɗinsu ya fi ƙarfina, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, shi ya sa na koma wa wani ƙaramin shago a wata ƙasar, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Girma biyu ya ajiye a gabana. Mai 22 sau biyu, tsirkiya 44 ke nan, tana farawa daga muryar G da ke ƙasa da C ta tsakiyar fiyano. Mai 26 sau biyu, 52 ke nan, tana sauka har C ta ƙasa, zango guda cur ƙarƙashin ta tsakiya. Ka ga ta fi babbar garayar Turai mai feda yawan tsirkiya, tunda ita 47 gare ta. Na ɗauki mai 26 saboda muryoyin nan huɗu na ƙasa, C da D da E da F, ina son nauyinsu a ƙarƙashin amshi. Ƙaramar da allon manne, wato filawud, aka yi ta, babbar da tsantsar sifrus, kuma mai shagon ya yi ta nanata cewa wanda ya san sauti ba ya kallon allon manne.

Ta iso a tsakiyar damina, ta Kano, mota ta kawo ta ta Gusau. A kan sauti kam bai yi ƙarya ba. Watannin farko na yi abin da na daɗe ina mafarki. In ka saita ta a C, ka ɗaga liba, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaga tsirkiya da rabin murya, ta kowace E ta koma F, ka ɗaga ta kowace B ta koma C, jerin ya koma murya biyar, C da D da F da G da A, wato irin gadon da yawancin waƙoƙinmu ke kwanciya a kai. Na yi wa jerin hagu haka, na bar na dama da muryoyinsa bakwai. Duk inda hannun hagu ya shafa daidai ne, dama kuma tana da 'yancin ta fita ta dawo. Wani abokin aikina mai gurmi ya zauna muka gwada, yana jefawa ina amsa masa da hagu ina kuma ƙawatawa da dama, ya tsaya ya leƙa bayan garayar don ya tabbatar babu waya da aka jona. Ranar na ji daɗi ƙwarai, kuma har gobe ina cewa babu kayan kiɗan waje da ya dace da amshinmu kamar wannan.

Ruwa ya ɗauke, iska ta juya. Abin da na fara lura da shi saiti ne. Garaya mai jeri ɗaya in tsirkiya ta ɗan sauka kaɗan, kunne yakan yafe. Mai jeri biyu ba ta da wannan sassauci, domin kowace murya tana da tagwaiyarta a ɗaya gefen, kuma in ɗaya ta kauce ko da gashi guda ne sai ka ji suna rawa da juna, wani kaɗawa-kaɗawa mai tayar da tsikar jiki. Da safe in saita 52, kafin la'asar sun watse. Libobin ma suka fara ƙarya: tsirkiya tana daidai a sake, ka ɗaga liba ta wuce rabin muryar ko ta gaza, kuma ta dama da ta hagu ba su yi kuskuren iri ɗaya ba. Katakon ne ke motsi a ƙarƙashinsu.

Wani dare cikin Disamba, hazo ya rufe gari, na ji ƙas daga ɗakin da take. Na ɗauka tsirkiya ce ta tsinke. Na haska fitilar waya na ƙirga su, duk suna nan. Sai da na sunkuya na ga layin: tsaga siririya a ƙasan allon, ta taso daga sandar tsakiya inda tsirkiyoyin ke shiga, ta miƙe a kwance har kusa da gefe, kamar faso a dunduniya. Na sa farce, ya shiga. Na kaɗa D ta ƙasa, ta amsa da zuzz.

Na aika wa mai shagon hoto. Amsarsa ba ta jima ba: garanti ba ya ɗaukar ɓarnar bushewar iska, kuma ai kowa ya san ana ajiye garaya ne a laimar kashi 40 zuwa 60. To in kowa ya sani, shi ma ya sani ranar da na rubuta masa kashi 20 da hannuna. Wannan ne abin da ya fi tsagar ciwo. Da ya ce min tsantsar sifrus ba za ta so garinku ba, ɗauki ta manne, da na ɗauka, da kuɗina ma sun yi saura.

Abin ba asiri ba ne. Katako yana shan laima yana kumbura, yana fitar da ita yana tsukewa, kuma ta faɗin zarensa yake tsukewa, ba ta tsawonsa ba. Allon garaya siriri ne, an manne gefunansa da akwatin, ga tsirkiyoyi suna jan tsakiyarsa sama dare da rana, a tawa kuma jeri biyu ne ke ja. In iska ta tsotse shi, ba shi da inda zai tsuke, sai ya tsage ta bin zaren. Allon manne kuwa, filawud mai kyau irin wanda ake yi wa ƙananan jiragen sama, falle-falle ne da aka gicciya zarensu, kowane falle yana riƙe da ɗan'uwansa. Masana suna cewa sautinsa bai kai na tsantsar itace zaƙi ba, kuma ba ya ƙara daɗi da shekaru kamar shi. Na yarda. Amma a gaban makirfo, cikin ɗakin da janareta ke ruri a bayansa, wannan bambanci kaɗan ne, tsaga kuwa kowa yana jin ta.

Wanda ya cece ta wani dattijon kafinta ne a wajen Tsohuwar Kasuwa, bai taɓa ganin irinta ba. Ya juya ta, ya leƙa ta ramukan baya, ya ƙwanƙwasa allon da ɗan yatsa yana saurare.

"Malam, wanga icce na ƙasas sanyi na. Ƙishirwa shika ji."

Na ce, "Baba, a sa mata gam yanzu?"

Ya ce a'a. In aka cika tsagar da gam tana buɗe, damina na zuwa katakon ya kumbura ya nemi wurinsa, sai ya ɓalle wani wajen. Ya ce in mayar da ita ɗaki mai laima tukuna har bakin tsagar ya haɗu da kansa. Haka aka yi. Da ta rufe, ya sassauta tsirkiyoyin wurin, ya zura gam a layin, ya yanka 'yan ƙananan katako sirara ya manna su ta ciki a gicciye da tsagar, yana aiki da hannu ɗaya ta ramin baya, ɗaya hannun yana riƙe da madubi. Daga baya na ga ashe haka masu gyaran kayan kiɗa na waje suke yi. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin tsirkiya biyu na ƙasa ba, Allah ya saka masa da alheri.

Yanzu daga Nuwamba zuwa faɗuwar ruwa hidima nake yi mata. Tana ɗakin ciki da ba ya kallon gabas, taga a rufe, randa cike da ruwa a kusurwa, jiƙaƙƙen buhu a rataye. In ba a kaɗa ta tana cikin jakarta tare da soso mai danshi a cikin robar sabulu da na huda, ba ya taɓa katakon. Na sayi ɗan ma'aunin laima mai batir, mai araha ne, kuma shi ya kamata mutum ya fara saye tun kafin garayar ta iso, ya ajiye a ɗakinsa ya ga gaskiyar iskar da zai kawo ta ciki. Injin feshin laima yana aiki, amma da wuta yake aiki, mun kuwa san halin wutarmu. Na'urar sanyaya ɗaki ma busar da iska take yi. Mota kuma da rana, ko na ɗan shiga banki ne, haram: zafin cikin mota yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da akwatin.

Sauran abubuwan zaɓe ba su wahalar da ni ba. Ido yakan rikice da farko saboda ganin jeri biyu, tsirkiyoyin alama masu launin ja da shuɗi sun ninku, amma in ka tsayar da kallonka a jeri ɗaya hannu yana koya da sauri. Liba kuwa, cikakkiya a gefe biyu tana nufin 52, kuɗi ne da nauyi. In aljihu bai kai ba, ka sa a kan C da F da E da B, amma a gefe biyun duka. Ka matsa a haɗo maka cikakken saitin tsirkiyoyi na ajiya da takardar da ke nuna kaurin kowace ɗaya, domin babu inda za ka same su a nan. Siraran na sama nailan ne zalla, zaren fatsa mai kauri daidai daga wajen masu kayan kamun kifi yana riƙe maka na ɗan lokaci, makaɗan kora ma da shi suke amfani, sai ka shafa masa ja ko shuɗi da alƙalamin maka. Na ƙasa masu naɗi ba su da madadi.

Wani matashi daga Birnin Kebbi ya zo ya ji ta kwanakin baya, ya tafi yana lissafin kuɗi. Na ce masa ya ɗauki mai 22 sau biyu mai allon manne, ya sa a rubuta masa irin allon a takardar ciniki, ya tambayi abin da garanti ya ce game da bushewa kafin ya biya. Hannu biyu masu cikakken jeri kowanne suna sa ƙaramar ta yi faɗin da ba ta da shi, ga tsirkiya takwas da ya huta da saitawa kullum. Ya ce amma muryoyin ƙasan nan fa, Yaya? Na kaɗa masa D ɗin. Gyaran Baba ya riƙe, amma da iska ta bushe wani ɗan zuzz yana dawowa a wurin, makirfo kuma ba ya ɓoye shi. Duk aikin da muka ɗauka daga Disamba zuwa Maris, muryoyin nan huɗu da na ƙara kuɗi dominsu ba na taɓa su, da fiyano nake cike gurbinsu.