Ƙannena masu gardamar nama da sukari, ku ji ta bakin wanda ya gwada duka biyun

Kwanan nan duk majalisar da ka zauna a Garwa, daga Yelwa har Rumde Ajiya, sai ka tarar samari sun rabu gida biyu kan maganar rejim, wato tsarin cin abinci don rage ƙiba. Waɗannan na cewa a bar tuwo a bar shinkafa a bar burodi, a ci nama da ƙwai da mai kawai tumbi zai zube, wasu ma har ganye sun haramta wai shima guba ne. Waɗancan na cewa ina, maiƙo ne matsalar, sukari bashi da laifi, ai ga Turawa can suna wuni kan 'ya'yan itace da zuma da lemo kuma suna ramewa. Kowa da bidiyonsa a waya, kowa da likitansa na TikTok. Ni dai na girme ku, kuma jikina ya sha wuya ta ɓangaren biyu, shi yasa nace bari in rubuta ko wani zai tsira da ƙafarsa da aljihunsa.

Ni tela ne, aikina zama ne tun safe har dare. Da safe shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, in ƙara sukari na ƙwaya a kai, da burodin baget da makala, wato fanke. Da rana in zafi ya taso, kun dai san Garwa a watan Maris da Afrilu yadda take haura digiri 40, sai babbar kwalbar lemo mai sanyi, da la'asar zoɓon foléré da aka zuba wa sukari kamar ba gobe, da dare kuma shayin majalisa zagaye bayan zagaye. Da ka tambaye ni lokacin zan rantse maka bana cin abinci da yawa, kuma ba ƙarya nayi ba, tuwona ɗan kaɗan ne. Abin da nake sha ne ban taɓa sa shi a lissafin abinci ba. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne. Lemon kwalba irin na kola yana da wajen giram 10 a kowane mililita 100, kenan babbar kwalba ɗaya ta haura giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tun 2015 tace sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a wuni, wato wajen giram 50 ga babba, in ma da hali a tsaya a giram 25, ƙananan cokula 6. Ni kafin azahar na gama da rabon wunin gaba ɗaya na shiga na gobe. Kuma sukarin da aka sha baya ƙosarwa, ka shanye kwalba guda ka zauna ka ci tuwonka daidai yadda ka saba.

Da naje asibiti aka yi min glisemi, wato awon sukarin jini, da safe kafin in karya, ya haura giram 1.10 a lita amma bai kai 1.26 ba, wanda daga nan ne ake cewa ciwon sukari ya kama mutum. Likita yace Malam kana bakin ƙofa, ka daina shan kayan zaƙi, ka rage farar shinkafa da burodi, ka riƙa tafiya da ƙafa, ka dawo mu sake aunawa. Maganar tayi min sauƙi da yawa sai na raina ta. Na koma waya na samu masu cewa nama zalla, su kam suna magana da ƙarfi da hotunan kafin da bayan, na bi su.

Wallahi satin farko kamar sihiri, sikeli ya sauka har na fara yi wa mutane wa'azi a shago. Sai daga baya na gane yawancin abin da ya fita ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3, to in ka daina cin tuwo da shinkafa ajiyar nan take fara ƙarewa, ruwan ya bi fitsari. Kilo biyun farko da kuke ɗauka a hoto ku tura wa abokai, ranar da kuka ci shinkafar biki zasu dawo. Kitse na zubewa daga baya, ban musa ba, amma a hankali yake tafiya.

Bayan murna sai ciwon kai, sai jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa cikin dare, sai warin baki wanda maman yara ce ta fara faɗa min cikin dabara. Sai bayan gida ya ƙi fita, don nama bashi da dusa ko ƙanƙani, ni kuma na bar wake na bar miyar kuka na bar zogale, har basir ɗin da na manta dashi ya taso. Aljihu kuma ba a magana. Da naga tsokar nama kullum tafi ƙarfina sai na koma marara, hanta da ƙoda da tumbi, da soya da kilishi, tunda sunfi araha ko sunfi sauƙin samu. Wata asuba na tashi babban yatsan ƙafata ya kumbura yayi ja, ko zanin gado ya taɓa shi sai in yi ƙara, ban iya taka keken ɗinki ba. Ciwon da likitoci ke kira gut kenan. Kayan ciki suna ƙara wani sinadari da ake kira asid urik a jini, ramewa da gaggawa ma tana ƙara shi, ga ƙarancin ruwa a wannan zafin namu, sai ya daskare a gaɓa. Likita yace lemon da na sha shekara da shekaru shima yana da hannu, don sukarin cikinsa na ɗaga asid ɗin. Kenan ɗaya ya share fage ɗaya ya ƙarasa. Da aka duba kolesterol ma, mugun ya hau.

Amma duk wannan a jikina ya tsaya. Wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa shine na kawuna. Yana da ciwon sukari, yana shan ƙwayoyi safe da yamma, naje na cika shi da surutu nace Kawu ku bar tuwon nan ku ci nama kawai, sukarin zai sauka. Ya yarda dani saboda yaga na rame. Ya bar tuwo amma bai bar magani ba, kuma ba wanda ya gaya wa likitansa. Sai gashi rannan yana gumi yana rawar jiki yana magana ba kan gado, sukarin jininsa ya faɗi ƙasa warwas. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ce ta gane, ta jiƙa sukari a ruwa aka bashi tun yana iya haɗiya, sannan aka kai shi asibiti. Sukarin da nake zagi shi ya dawo dashi. Don Allah ƙannena, duk wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar sauke sukari, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai ciki, kada ku kuskura ku canza masa abinci da ilimin waya. Rage tuwo da shinkafa yana taimakon mai ciwon sukari da gaske, amma likita ne zai rage magani daidai da abincin.

Da na kwanta jinya na samu lokacin karatu, sai naga gardamar ma ta girmi kakanninmu. Tun 1863 wani Bature a Landan mai suna William Banting ya rubuta yadda ya rame da barin burodi da sukari da dankali. Abin da kuke kira keto, wato barin tuwo da sukari a dogara da mai, a 1921 aka tsara shi a Amurka, kuma don yara masu farfaɗiya aka yi shi, ƙarƙashin kulawar asibiti. Wani likitan Amurka, Dakta Atkins, ya sake tallata cin nama da mai a 1972. Ɓangaren sukari suma suna da nasu, a 1939 wani likita Walter Kempner a jami'ar Duke ya riƙa bawa masu hawan jini da ciwon ƙoda shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, ba gishiri ba mai, kuma da yawa sun rame. A 2010 ma wani malamin jami'a a Kansas ya yi sati goma yana cin kek da biskit amma ɗan kaɗan, ya zubar da wajen kilo 12. To me wannan ya nuna? Duk abincin da ya sa ka ci ƙasa da abin da jikinka ke ƙonawa zai ramar da kai. Ramewa daban, lafiyar haƙori da hanta da jijiyoyin jini daban. Kuma masu kare sukari su sani, a 2016 an bankaɗo takardun da suka nuna kamfanonin sukari na Amurka sun biya wasu masanan Harvard kuɗi, aka fitar da rubutu a 1967 da ya ɗora laifin ciwon zuciya kan maiƙo ya sassauta wa sukari.

Binciken da yafi burge ni shine na jami'ar Stanford da ya fito a 2018. Mutum 609 aka raba biyu, rabi suka rage tuwo da danginsa, rabi suka rage maiƙo, har shekara guda. Na farko suka zubar da wajen kilo 6, na biyu kilo 5 da ɗan wani abu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma duka biyun an ce musu su bar sukari da farin fulawa, su ci ganye da yawa, su dafa a gida. Nan na gane abin da ya faru dani. Ranar da na fara nama zalla, ranar ce na daina lemo da zoɓo mai zaƙi da madarar gwangwani da makala. Barin waɗannan ne yayi aikin, nama ya karɓi yabo.

Gaskiya masu nama sunfi masu sukari kusa da daidai, don nama da ƙwai da kifi suna riƙe ciki, mutum baya yawan jin yunwa. Inda suka ɓata shine da suka haɗa tuwon dawa da lemon kwalba suka ce duk ɗaya ne. Wai kuma Fulani makiyaya nama suke ci shi yasa basu da tumbi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a ruga ba, nono ne da gero da dawa da tafiyar ƙafa, saniya ba a yanka ta sai da dalili. Kuma a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta OMS da ke Liyon a Faransa ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, jan nama kuma tace mai yiwuwa ne. Ba cewa akayi kilishin tsaraba zai kashe ka ba, amma mai maida shi abincin kullum ya sani, ga gishirin da ke ciki, alhali giram 5 ne iyakar wuni.

Yanzu ina cin tuwona na dawa ko muskuwari, malmala ɗaya ba biyu ba, miya tafi tuwon yawa, kuka ko kuɓewa ko yakuwa ko tafasa. Wake, gyaɗa, kindirmo ba sukari, kifin Lagdo in ya samu, nama jefi-jefi, marara kam mun rabu. Shayi na rage masa sukari kaɗan-kaɗan har harshena ya saba, da farko kamar magani amma yanzu in aka bani na majalisa sai inji ya ɗaure min baki. Zoɓo a gida ake min, maimakon lemo sai ruwa. Fura ma ku kula, ita kanta ba laifi, sukarin da ake zuba mata ne. Nakan taka da ƙafa daga gida zuwa shago maimakon hawa moto, da sassafe kafin rana tayi. Ramewar bata da saurin ta nama zalla, amma tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidana, kuma in naje gaida Inna ta miƙo tuwo bana ce mata ina rejim.

Kafin ku fara kowane rejim kuje a auna muku glisemi da safe baku ci komai ba, a duba tansiyo, wato awon hawan jini, in ya kai 14/9 ko ya haura ku koma a sake dubawa, in da hali a haɗa da kolesterol da ƙoda da asid urik, bayan 'yan watanni a maimaita ku gani da idonku. Wanda bashi da kuɗin gwajin asibiti ya zo wajen kowane tela ya ari tef. Ka auna tsayinka, ka auna cikinka daidai saitin cibiya ko sama da ita kaɗan bayan ka saki numfashi, ba ƙasan tumbi inda wando ke zama ba, kuma banda shanye ciki, mu teloli muna ganinku. Awon cikin kada ya kai rabin tsayin, mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.