Wai dole ne sai da shehu?

Akwai tambayar da samari ke yawan jefo mana yanzu, musamman waɗanda suka ɗan yi karatu, wai ina amfanin shehu tunda ga Alƙur'ani ga hadisi, ga tafsiri cike da waya, duk malamin da kake so sai ka danna ka saurara har barci ya kwashe ka. Ni dai ban ɗauki wannan tambayar rashin kunya ba wallahi, kuma a matsayina na wanda ya tashi a gidan ɗariƙa ina ganin ya kamata mu riƙa zama muna amsa ta da hankali, ba wai da yaro ya buɗe baki mu ce masa kai munkiri ne mu juya masa baya ba.

Abin da waya ba za ta taɓa yi maka ba shi ne ta san ka. Malamin da kake kallo a YouTube da dubban mutane yake magana a lokaci guda, bai san kai mai saurin fushi ba ne, bai san idan ka yi sadaka sai ka san yadda ka yi labarin ya fita ba, bai san idan abokinka ya sayi mota daren nan ba ka iya barci ba. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to riya da hassada da jiji da kai haka suke, mai ɗauke da su shi ne na ƙarshen sani. Sai ka ji wa'azi a kan girman kai ka ce kai Malam ya taɓo wane, alhali da kai ake. Shi ya sa malaman tasawwufi suka bambanta malamin da zai karantar da kai Ahalari da Iziyya da Risala da kuma shehun tarbiyya, na farko zai gyara maka alwala da salla, na biyun zai zauna da kai shekara da shekaru yana lura da halinka, ya san inda kake karkacewa, ya faɗa maka a lokacin da za ka iya ɗauka.

Wuridi kansa ai ba wahalar samu gare shi ba. A Tijjaniyya muƙaddami, wato wanda aka ba izinin bayar da wuridi, zai karanta maka sharuɗɗa ya yi maka izini, lazimi safe da yamma, wato istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, sai wazifa kullum da zikirin Juma'a bayan la'asar. Cikin minti kaɗan an gama. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, sun karɓi carbi sun rataya hoton Shehu Ibrahim Inyass a shago, shi ke nan sun zama 'yan Faila, wato mabiyansa, amma babu wanda ke bibiyar su kuma su ma ba sa son a bibiye su.

Na taɓa ganin abin da nake kira tarbiyya a wata ƙaramar zawiya ta unguwarmu. An idar da wazifa bayan magariba, an naɗe farin ƙyallen nan da ake shimfiɗawa idan an zo karanta salatin Jauhara, mutane sun fara neman takalmansu, sai wani tela ya matso ya durƙusa gaban dattijon da ke jan mu, ya ce Malam ni fa kwana biyu ba na jin daɗin wuridin nan, zuciyata ta bushe, a ƙara min wani abu da zan riƙa ja. Dattijon bai ɗago ba, yana ta murza carbinsa, can ya ce masa yaushe rabonka da gidan yayanka? Tela ya yi shiru. Ashe tun rabon gadon mahaifinsu ba sa ga maciji da juna, a kan wani ɗan fili. Malam ya ce ba zan ƙara maka ko Fatiha ɗaya ba, gobe da safe kafin ka buɗe shago ka je ka gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba ka gaishe shi, jibi ma ka koma. Mutumin nan ya fita idonsa ya yi ja. Da a ce an ba shi laƙani na dubu goma sha biyu da murna zai karɓa ya kwana yana ja, don wannan ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan ya tsaya a ƙofar gidan da ya rantse ba zai sake takawa ba. Babu littafi ko bidiyon da zai san labarin filin nan.

Amma fa dole a faɗi ɗaya ɓangaren, don shi ne ke korar yaran. Akwai maganar da ta shahara a littattafan sufaye cewa muridi ya zama a hannun shehunsa kamar gawa a hannun mai wanka, da kuma waccan ta wanda ba shi da shehu Shaiɗan ne shehunsa. Waɗannan maganganun sun faɗa hannun mutanen da ba su cancanta ba, sun mayar da su igiyar ɗaure bayin Allah. Za ka ga mutum ko karatun salla bai gyara ba ya naɗa rawani ya tara almajirai, hira kullum mafarki da karama, hadiyya kuwa ba ta yankewa, magidanci ya bar gidansa babu cefane ya kai wa shehi, matar aure ta fita ziyara ba da sanin mijinta ba, lokacin zaɓe a ce Shehu ya yi ishara ga wane. Har da masu cewa sun kai matsayin da salla ta faɗi a kansu, wal'iyazu billahi. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake ta fafatawa a kan ɗariƙa a ƙasar nan, ban yarda da kafirta mu da wasu ke yi ba ko kaɗan, amma wasu abubuwan da suke nunawa da yatsa suna nan, da idonmu muke ganin su, kuma ɓoye su ba ƙaunar waliyyai ba ce. Shi kansa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, abin da aka sani daga gare shi shi ne duk abin da kuka ji an ce daga ni ne ku auna shi da ma'aunin shari'a, in ya dace ku ɗauka in ya saɓa ku bar shi. Muna haddace wannan maganar muna faɗa a maulidi, aiki da ita ne ke mana nauyi.

Duk sanda aka zo nan, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo nake tunawa da malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu yana saurayi ya lizimci Jibrilu, ya bi shi har Agadas, kuma da Jibrilu zai wuce aikin hajji sai Shehu ya dawo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ka duba wannan kawai, malami bai ce ai haƙƙina ya fi na ubanka ba, bai riƙe yaro ya tafi da shi ba, yau kuwa sai ka ga an raba ɗa da iyayensa da sunan hidimar shehu. Shehu Usmanu ya girmama Jibrilu iya girmamawa, har ya kira kansa igiyar ruwa ɗaya daga cikin igiyoyin Jibrilu, mutumin da ya zo ya jagoranci jihadin 1804 ke nan yake faɗin haka a kan malaminsa. Duk da haka da Jibrilu ya tafi a kan cewa masu aikata manyan zunubai sun kafirta, Shehu bai bi shi ba. Ya zauna ya rubuta cewa wannan ba ita ce fahimtar Ahlussunna ba, mai saɓo fasiƙi ne ba kafiri ba, sannan ya nema wa malamin nasa uzuri cewa tsananin kishin addini ne ya kai shi. Bai zage shi ba, bai daina kiran sa shehunsa ba, kuma bai haɗiye kuskuren don kunya ba. Shi kuma Shehu Usmanu Baƙadire ne cikakke, ya san ladabin muridi fiye da ni da kai. Mu yanzu gida biyu muka rabu, wasu idan malaminsu ya yi tuntuɓe sai su ce ai sirri ne ba ka isa ka gane ba, wasu kuma daga sun ga kuskure ɗaya sai su hau Facebook su tsige mutumin da ya koya musu alif da ba.

Don haka idan ƙanina ya tambaye ni ko ya nemi shehu, cewa nake eh ka nema, amma kada ka yi gaggawar miƙa hannu. Fara gyara karatunka na farilla tukuna, don wanda bai san hukunci ba ba shi da ma'aunin da zai auna kowa. Sannan ka je ka zauna a majalisinsa a matsayin baƙo, wata da watanni, ka ga ko yana sallar jam'i, ka ga yadda yake karɓar mai babbar riga da yadda yake karɓar mai turin baro, ka tambayi maƙwabtansa da masu shagon layinsu ko yana biyan bashi. Ka duba tsofaffin almajiransa da suka shekara ashirin tare da shi, a kasuwa mudunsu cikakke ne, matansu na jin daɗin zama da su? Kuma ranar da ya fara gaya maka wata gaskiya mai ɗaci game da kanka, irin ta telan nan, kada ka tashi ka canza zawiya, ka daure ka koma washegari.