Godiya Bayan Wata 11 Ina Zaune Babu Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, ranar Litinin da ta wuce na kama aiki a sashen da ke taimaka wa ma'aikata idan kwamfuta ta ba su matsala. Tun da aka kira ni nake son rubuta wannan godiya, amma na ce bari in zauna a kujerar tukuna, kada in yi riga malam masallaci.

Shekara 8 na yi a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani ina rubuta shige da ficen kaya. Wata safiya aka tara mu, aka ce za a rage ma'aikata, aka miƙa wa kowa takardarsa. Kafin in koma teburina in kwashe tarkacena har an rufe min imel. Ga shi ba ni da digiri, diflomar da na fara ma ban ƙarasa ba.

Bayan Allah, wadda zan fara yi wa godiya ita ce uwar 'ya'yana. Ina cikin zaman jugum ta ce, "Shekara nawa kana gyara musu firinta da kwamfuta ko sisi ba a ƙara maka ba? To je ka nemi inda za a biya ka." Na yi mata dariya a lokacin. Ban san maganarta ce za ta ci da mu ba.

Yaya, kai ma Allah ya saka da alheri. Shi ya biya min kuɗin jarrabawar CompTIA A+, wadda masu shiga wannan sana'a ba tare da digiri ba suka fi farawa da ita. Jarrabawa biyu ce, Core 1 da Core 2, kowacce minti 90, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka satifiket. Ta farko maki 675 cikin 900 ake nema, ta biyu 700. Na haye ta farko, ta biyu ta kayar da ni. Kwana uku ina ɓoye masa saboda kunya, kuɗinsa ne fa. Da na faɗa masa bai ce komai ba sai, "Yaushe za ka sake zama?" Karatun kuwa yawancinsa daga bidiyoyin Professor Messer na yi shi, waɗanda ke YouTube kyauta. Bai san da ni a duniya ba, amma shi ma na gode masa.

Wanda ya fi wahala da ni shi ne ogan kwamfuta na tsohon wurin aikinmu, wanda guguwar ta kwashe mu tare. Ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, batirinta ya mutu, sai a jikin caja take aiki. Ya sa na ɗora mata VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wasu kwamfutoci na gwaji a cikin kwamfuta ɗaya, na sauko da Windows Server na gwaji wanda Microsoft ke bari a yi amfani da shi kwana 180, na kafa Active Directory, wato tsarin da kamfanoni ke kula da asusun ma'aikata da kalmomin sirrinsu, na ƙirƙiri ma'aikatan ƙarya na raba musu sassa. Kullum maganarsa ɗaya: "Ka ɓata da hannunka, ka gyara, sannan ka rubuta abin da ka yi." Akwai daren da na lalata DNS, tsarin da kwamfutoci ke gano juna da suna, kwamfutocin suka daina ganin juna, na kira shi hankalina a tashe. Ya ƙi gaya min amsar, sai tambayoyi yake jero min. Na ji haushinsa ƙwarai a daren. Oga, ka yafe min.

Neman aikin kansa ba na son tuna shi da yawa. Ka cike fam a intanet, ka zo gurbin digiri ka bar shi fayau, da tsakar dare amsar ban haƙuri ta shigo, ka san ba mutum ne ya karanta ba, manhaja ce ta tace ka. Ba ni da ƙorafi da masu digiri, sun sha wahalarsu. Amma a ce sai da digiri mutum zai sauya wa ma'aikaci kalmar sirri, wannan har yau ban gane ba. Satifiket ɗin ma shi kaɗai bai buɗe min ƙofa ba, kada wani ya ce na ruɗe shi. Ƙanwata ce ta duba takardar tarihin aikina ta ce, "Yaya, ka rubuta abin da aka ɗauke ka ka yi, ka bar abin da ka yi." Ita ta sa firinta, da na'urar karanta lambar kaya, da duk abin da na kafa a tsohuwar kwamfutar nan. Daga nan aka fara kirana.

Ranar ganawar, tun kafin a tambaye ni na ce ba ni da digiri. Hajiyar da ke shugabantar sashen ta turo min wata kwamfuta ta ce ba ta hawa intanet, in duba. Hannuna na rawa na fara taɓa wayar intanet ɗin, a jone take. Na buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, na ga adireshin ya fara da 169.254. Wallahi sai da na ji sanyi a raina, domin na sha ganinsa a ɗakina: kwamfutar ba ta samu adireshi daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ba ne, ita ta ba kanta. Na faɗi abin da zan bi ɗaya bayan ɗaya. Sai Hajiya ta koma kamar ma'aikaciyar da ta kira cikin fushi, tana yi min faɗa wai aikinta ya tsaya. Wanda ya shekara 8 da direbobin da ke jiran a sauke musu kaya, wannan ba zai girgiza shi ba. Ranki ya daɗe, na gode da kika gwada ni da aiki.

Kwantiragin wata 6 ne, albashin kuma bai kai na da ba. Na karɓa da hannu biyu, na kuma fara karatun Network+, wata jarrabawar CompTIA kan haɗa kwamfutoci, da dare.

Duk wanda ya kira, ko ya turo min tallar aiki, ko ya ranta min bai taɓa tuna min ba, ko ya yi min addu'a ban sani ba, Allah ya biya shi. 'Yan'uwana da aka sallame mu tare waɗanda har yanzu suke nema, Allah ya buɗa muku. Kwamfutar oga tana hannun ɗaya daga cikinku tun jiya, tare da littafin da na riƙa rubuta gyare-gyarena. Idan ya gama zai miƙa wa na gaba, a dai kula da cajar, ita kaɗai ce.