Matoyar da na gina a gefen gona a Ingila

Shekarata ta farko a Stoke-on-Trent hannuna bai taɓa yumɓu ba, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai. Garin nan da ginin tukwane da tangaran aka san shi. A Burslem, wani yanki na garin, shahararren mai tangaran Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759, har gobe kuma in kina tafe a yankin Longton za ki hangi tsoffin matoyai na jan bulo masu siffar kwalba, sun yi cirko-cirko babu hayaƙi. Dokar tsabtar iska ta 1956 ce ta yi sanadin mutuwar wutar kwal ɗinsu. Ni maginiya, ga ni a tsakiyarsu, a ɗakin haya a saman bene, ko inda zan hura kirare babu, domin hukumar gari ba ta wasa da hayaƙi a cikin unguwa.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya tsufa a aikin tangaran, shi ya nemo mini gefen gonar abokinsa a bayan gari. Baba nake ce masa, tun yana dariya har ya saba.

Ginin bai ɗauke mu yini biyu ba. Muka daidaita ƙasa, muka shimfiɗa bulo. A ƙasa muka bar bakin wuta yana fuskantar iska, muka jera masa bulon da ke jure wuta, saboda jan bulo na gini tsagewa yake in harshen wuta ya daɗe a kansa. Muka gitta ƙarafa a sama, sannan muka ɗaga ɗakin tukwane zuwa ƙuguna. Siminti ko kaɗan bai shiga ba, zafi rugurguza shi yake. Yumɓu na kwaɓa da yashi na liƙe kafofin. Tukwane a kife, tsingaro a kansu, ƙaramar kafa a tsakiya don hayaƙi ya fita.

Toyin farko, ko awa ba a yi ba na ji fas! fas! daga ciki. Tukwane bakwai, biyu suka tsira. Na zauna a kan bulo hawaye na zuba, don sati biyu cur na shanya su.

Baba ya ɗauki ɗaya daga cikin ɗanyun da suka rage ya manna mini a kumatu.

"Me kika ji, 'yata?"

"Sanyi, Baba."

"To ruwa ne. A ƙasar nan ido ba ya gane bushewa."

Gaskiyarsa. Iskar nan cike take da danshi, bayan tukunya zai bushe alhali cikinta jiƙe yake. Da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, bai sami hanya ba, ya fasa. Shi kansa bulon ya sha yayyafi ya ƙoshi.

Yanzu sai tukwanena sun yi kwanaki kusa da na'urar ɗumama ɗaki kafin su bar gida, matoyar kuma kullum a rufe da kwano. Awa uku na farko wuta 'yar mitsitsiya ce a baki, wadda in kin gani za ki raina. Wajen digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, haka kuma yake tsukewa in ana hucewa, shi ya sa ba na gaggawa a nan, ba na kuma buɗewa sai washegari. Da yamma nake farawa don in ga launi a cikin duhu: ja mai duhu tukuna, sannan ja kamar garwashi, in ya doshi ruwan goro na san mun haura 900.

A toyi na uku na zaro wata 'yar tukunya da ɗuminta, gefe guda wuta ta yi mata baƙin tabo. Na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta amsa ƙal. Baba ya karɓa ya kai kunnensa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya tambaye ni yaushe za mu ƙara layi biyu na bulo a sama.